Idanun da A-yao Bai Ɗiga Ba

Lahadi, 4 ga Agusta

Yau aka buɗe ƙofar matattu, wata na bakwai a kalandarmu ta gargajiya ya kama, watan da suke dawowa ziyara. Shago ya cika maƙil, ko wurin sa ƙafa babu. Gidajen takarda har rufi, motocin takarda, wayoyin takarda, ga bayin takarda Baba ya jera su a jikin bango, fuskokinsu fari fat ba ido, suna jiran wanda zai saya ya ƙona wa mamacinsa. Mama ta fitar da tebur ƙofar gida da kwanon ruwa da tawul, don baƙin wata, wato matattun, su wanke fuska kafin su ci.

Ni kuwa sai yau ɗin nan na ga damar ɗora sabon shafin shago a intanet. Ni Su-yin, wa ya aike ni? To, tsohon ne ya daina buɗewa a sababbin wayoyi, ga shi baƙi ƙirin kamar cikin rijiya. Na yi sabo mai launin madara. Komai na canza, ban da 'yan hotunan da ƙanena A-yao ya zana. Su na kwaso yadda suke: fuskoki huɗu a saman shafi, kowace ba ta fi farcen babban yatsa ba, an gina ta da 'yan ɗigo masu kusurwa huɗu irin na wasannin kwamfuta na da. Baba da gashin bakinsa, in an taɓa shi a ga kaya. Mama da ƙullin gashinta, lokutan buɗewa. Ni da baki a murguɗe, wai haka nake, wurin yin oda. Shi kuma da hular kwanonsa ta babur, a ƙasa an rubuta: Shafi ya ba ka matsala? Kira A-yao.

Lambar ƙanena tana nan a jiki, ban taɓa ta ba. Wayar kanta tana aljihun tebur, a kashe tun ranar da mota ta buge shi a hanyar Anping ya rasu, lokacin sanyin da ya wuce.

Talata, 6 ga Agusta

Mama ta miƙo min babbar wayarta ta ce, "Su-yin, me ya faffasa mana fuska?"

Na duba. Tsakanin kowane ɗigo da ɗan'uwansa akwai siririn layi, launin shafin yana leƙowa ta ciki, kamar ana kallonmu ta bayan ragar sauro. Idanun kuma sun koɗe. A kwamfutata lafiya lau, shi ya sa ban gani ba. A ta shago layukan kaɗan ne. A wayar Baba sun fi muni. Hoto ɗaya, kowace burauza, manhajar buɗe shafi, da abin da take nunawa.

Na kira Fang-yu, wadda muka yi aiki a ofis ɗaya a Taipei kafin in dawo gida. Dariya ta fara yi. "Ke da kika gudu kika koma liƙa takarda, yanzu kin tuna da mu?" Ta ce ciwon kowa ne. Kowane ɗigo zaman kansa yake, in girman hoton bai rabu daidai ba sai burauza ta sassauta gefunansu, haske ya bi ta tsakani. In haɗe masu launi ɗaya, in gaya wa burauza kada ta sassauta gefe, in daidaita girman.

Na ce haɗewa ban da ita. Da hannunsa A-yao ya jera su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce to in yi sauran biyun.

Alhamis, 8 ga Agusta

Ranar uba. A-yao ke sayo kek duk shekara, mai mangwaro, ya cinye rabi da kansa. Bana ba wanda ya sayo. Baba ya wuni yana fere gora.

Layukan sun tafi. Idanun ba su dawo ba.

Asabar, 10 ga Agusta

Wata mata ta kira da safe, mijinta bai daɗe da rasuwa ba, tana son gida mai hawa biyu. Baba ne ya ɗauka. Ina jin muryarta daga inda nake: "Maigida, ku da kuke sana'ar nan, a cikin wannan watan za ku sa wa mutane fuskoki masu ƙifta ido? Jikata ta jefar da wayar."

Ya ajiye, ya zo ya tsaya a kaina. Ya buɗe shafin a wayarsa, ya ja da yatsa. Na rantse sai da tsikar jikina ta tashi. Fuskokin suna tsaye a sama, rubutu yana wucewa ta bayansu, idanun suna yin fari, su yi baƙi, su yi fari. Da hoton jar fitila ya wuce, duka huɗun suka yi jajir. Har da tawa. Har da tasa.

Baba ya ce, "Kafin a rufe ƙofa, ko ki gyara ko ki cire su."

Na ce, "Baba, aikin A-yao ne."

"Na ce ki cire su." Bai kama sunan ba. Tun jana'iza bai kama ba. Mutumin da ya yi wa rabin matattun garinmu Tainan gidaje, ko takalmin takarda bai yi wa ɗansa ba, a wani shago Kawu ya sayo komai. An ce babba ba ya raka gawar yaro, na sani. Amma ni na ga kamar abin ya wuce al'ada.

Waɗannan fuskokin su kaɗai suka rage da hannunsa ya yi wa gidan nan. Ba zan cire ba.

Litinin, 12 ga Agusta

Ruwa tun safe. Takarda duk ta yi laushi, Baba yana ta masifa da manne.

Na gano abu ɗaya: burauzar kwamfutata na saita ta tuntuni ta riƙa mayar da kowane shafi duhu saboda idona. Shi ya sa a wurina idanun baƙaƙe ne, tsaf. Na kashe saitin, nan take suka yi fari. Na kunna, suka dawo. Na kashe. Na kunna. Na daɗe ina yi kamar wata sakara, ina kallon fuskar mai hular kwano tana buɗe ido tana rufewa, har Mama ta kira ni cin abinci.

Wato ba launi ne ya koɗe ba. Rami ne. Abin da ke baya shi ake gani.

Talata, 13 ga Agusta

Na buɗe rubutun da ke bayan hoton. Kowane ɗigo da layinsa: ga wurinsa, ga launinsa. Na bi su tun daga hula, goshi, gira. Da na iso jeren ido sai na ga tsalle, daga gefen fuska sai karan hanci, daga karan hanci sai ɗaya gefen. Babu layin ido. Ba a ɓoye yake ba, ba a kashe shi ba, babu shi ne kawai.

Dole manhajar da na kwaso su da ita ce ta cinye baƙin, ta ɗauka bango ne. Suna yin haka. Tir da ita.

Alhamis, 15 ga Agusta

Fang-yu ta kira da kanta. "Malama mai takarda, ina aka kwana?" Na gaya mata. Ta ce, "Haba Su-yin, wannan ne ya hana ki sukuni? Ɗiga baƙi biyu a kowace fuska, kafin shayinki ya huce kin gama. Ko in yi miki?"

Na ce ba nawa nake so ba, nasa nake nema. Wane baƙi ya sa? Baƙi iri-iri ne. A-yao ba ya sa baƙi zalla, kullum sai ya surka da shuɗi ko ja, ya ce baƙi zalla na malalata ne. In na ɗiga nawa, fuskar ta zama tawa.

Ta ce, "Ba wanda zai gane."

Na ce ni zan gane, na kashe wayar. Ban kyauta ba, ita da take taimakona. Na tura mata hoton mangwaro daga baya, ta turo min hoton jaki.

Lahadi, 18 ga Agusta

Tsakiyar wata. Unguwa duk hayaƙi, kowace ƙofa da teburinta, kaji da kifi da buhunan shinkafa da turare a soke. Na raka Baba kai wa matar nan gidan takardarta mai hawa biyu, ashe ba ta fasa ba. A filin ƙonawa ya tsugunna gaban bayi biyun da ta haɗa da gidan, ya fito da ɗan alƙalamin gashinsa da jan tawada, ya yi yadda ya saba tun ina ƙarama. Ɗigo a dama, ɗigo a hagu. "Sunanka A-fu. Ka ɗebo wa maigidanka ruwa, ka share gida, ban da ƙiwuya." Ya juya ga macen. "Sunanki A-chu. Ki dafa masa abin da yake so, ban da gulma." Sannan aka sa wuta.

Na sha gani, amma yau da ya ɗiga sai na kau da kai. Takarda ce da gora, da hannuna na liƙa wa macen riga shekaranjiya. Duk da haka da ta samu ido ban so mu haɗa kallo ba.

A hanyar dawowa ya ce, "Saura rabi." Watan yake nufi.

Laraba, 21 ga Agusta

Na shiga ɗakin A-yao da rana tsaka, na buɗe taga tukuna. Warin man gashinsa yana nan. Kwamfutar ta kunnu kamar jiya aka kashe ta. Kalmar sirri sunan karen da muka yi muna yara, ban ko yi kuskure ba.

Na samu asalin fayilolin, tun na farko da ya fara zanawa. Har da wanda ya yi min ƙaho. Ɗan banza.

Babu ido. Ko a ɗaya. Na gwaji, na ƙarshe, wanda ya ɗora a tsohon shafi, duk ramuka biyu ne. Manhajar ba ta ci komai ba, na zage ta a banza. Haka ya yi su. Tsohon shafin baƙi ne, shi ya sa shekara da shekaru muna ganin idanu, ashe duhun baya ne yake leƙowa.

Sauran zane-zanensa fa, dodanni da mayaƙa da kuliyoyi, duk da idanunsu, baƙi mai surkin shuɗi kamar yadda na ce. Mu huɗu ne kawai babu.

Na kashe, na fito. Mama tana gindin matakala da kwandon wanki, ta matsa ta ba ni hanya.

Alhamis, 22 ga Agusta

Ba na son wucewa ta gaban bayin nan na bango. Na juya biyu suna kallon bango, Baba ya mayar da su.

Juma'a, 23 ga Agusta

Ina yanka riguna da safe, na ɗaga kai na ga jeren fararen fuskokin, sai almakashin ya tsaya a hannuna.

Wayyo A-yao. Wayyo ni.

Yana aji ɗaya a firamare ya ɗauki biro ya yi wa wani bawa idanu, manya, har da gashin ido. Ya kawo yana murna, "Yaya, duba, yanzu yana gani." Baba bai taɓa dukansa ba sai ran nan. Ya fita da bawan bayan gida ya ƙona shi nan take, ya dawo ya tsugunna ya riƙe kafaɗunsa. Ba a ɗiga ido a gidan nan sai za a sallami abu. Kuma duk abin da aka yi da kamannin mai rai, ba a ɗiga masa ko kusa, sai ranar da mai shi ya tafi. A-yao yana kuka yana cewa ya ji.

Ashe ya ji ɗin. Yaron da ke yi wa Baba dariya, yana cewa matattu sun fi mu sababbin wayoyi. Yaron da ke yin fito da baki da gangan a wata na bakwai don Mama ta yi faɗa, wai yana kiran matattu. Ya zauna ya zana ubansa da uwarsa da yayarsa da kansa, ya zo kan ido, hannunsa ya ƙi. Sai ya bar rami ya sa duhu a baya, ba wanda ya sani. Ni kuma na zo da launin madarata na tone masa asiri.

Da na bi shawarar Fang-yu, da na ɗiga wa Baba da Mama ido da hannuna, a cikin wannan watan. Ban yarda da waɗannan abubuwan ba. Na yi karatu, na zauna a Taipei. Amma sai da na fita bayan gida na zauna a kan bokiti.

Litinin, 26 ga Agusta

Gyaran bai ɗauki komai ba. Ban taɓa hotunan ba. A jikin shafin na sa ɗan baƙin bango a bayan kowace fuska, daidai girmanta, ya tsaya cak ko an ja rubutu. Baƙi mai surkin shuɗi, na ɗauko daga idon wata kuliyarsa. Na gwada a kwamfutata, ta shago, wayar Mama, wayar Baba da ya bari a kan kanta, har wayar mai kawo mana gora. Ko'ina idanu bibbiyu sau huɗu, ba ƙiftawa, ba ja.

Fang-yu ta ce, "Kin bi ta can birnin Kaohsiung don ki je maƙwabta, amma ya yi." Ban gaya mata dalili ba.

Ya kamata in ji daɗi.

Laraba, 28 ga Agusta

Duka huɗun na sa wa bango. Duka huɗun, iri ɗaya. Abin yana damuna, ban san me ya sa ba.

Na sani. Mu uku muna raye, shi ya tafi, ba wanda ya ɗiga masa.

Asabar, 31 ga Agusta

Na nuna wa Baba bayan ya gama kunun shinkafarsa da kifi. Ya sa tabarau, ya ja shafin sama, ya ja ƙasa, ya sake ja. "Me kika yi musu? Kin ɗiga?" Muryarsa ta canza a kan kalmar.

Na ce a'a. Na gaya masa duka, ramukan, tsohon duhun, kuliyoyi masu ido, mu huɗu marasa ido. Na ce, "Tun farko bai ɗiga ba, Baba. Bango kawai na sa a baya, yadda ya yi."

Ya daɗe yana kallon wayar. Mama ta daina wanke kwano, ruwa yana ta zuba. Can ya ce, "Bango ba ido ba ne. Ya halatta." Ya cire tabarau, ya tashi ya koma wurin gorarsa. Ban ji ƙarar wuƙa ba har azahar ta wuce.

Bai ce a cire ba. To na ci ke nan. Ban ji kamar na ci ba.

Litinin, 2 ga Satumba

Yau ake rufe ƙofa. Mama tun safe tana soya abin sallamar baƙi.

Da hantsi Baba ya shigo daga bayan gida, ya wanke hannu har gwiwa, ya canza riga. Na ɗauka kai kaya za shi. Sai ya jawo kujera ya zauna kusa da ni gaban kwamfutar shago, abin da bai taɓa yi ba.

"Buɗe na ƙanenki. Ƙara masa girma."

Na buɗe, fuskar ta cika allon, ɗigo-ɗigo kamar tayil ɗin banɗaki.

"Cire bangon bayansa."

Na cire. Ramuka biyu, fari fat.

"Da me ake ɗigawa?"

Na sa masa linzamin kwamfutar a hannu. Bai iya ba, kibiyar tana ta gudu gefe, ya ce wannan wane irin shegen alƙalami ne. Na ɗora hannuna a kan nasa. Duk kanta ne da tabon wuƙa. Na ce ja zan ɗauko, irin na tawadarka? Ya ce, "Baƙi. Idon uwarsa ya ɗauko."

Na kai kibiyar, shi ya danna. Dama. Sannan hagu.

Ya gyara murya yadda yake yi a filin ƙonawa. "Sunanka Tu Chien-yao." Cikakken sunan A-yao. Ya tsaya. Ina jira in ji aiken, don kullum akwai aike, ɗebo ruwa, share gida. Ya ce, "Ba wanda zai aike ka. Ka iya aikinka, na gani. Je ka huta, ɗana."

Mama tana bakin ƙofar kicin da cokali a hannu. Kifin ya ƙone, ba wanda ya motsa. Ni ce na fara, ba zan ɓoye ba, na kifa kai a kan teburin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da yamma Baba ya ɗauki gora da takarda ya hau sama. Mama ta ce babur yake haɗa wa A-yao, da hular kwano.

Alhamis, 5 ga Satumba

Shago shiru, wata ya wuce. Na share, na jera sauran kaya, na mayar wa mai gora igiyoyinsa. Fang-yu za ta zo ƙarshen wata, wai sai na biya ta da miyar kifi.

Wayar Baba tsohuwa ce, bangon yana ɗan makara kafin ya fito. In an buɗe shafin, na ɗan lokaci mu uku fuskokinmu fari ba ido, shi kaɗai yake kallo. Zan iya gyarawa. Ba yau ba.

An yi ruwa kaɗan. Na wanke labulen ɗakinsa, ƙura ce kawai ta yi yawa. Na kuma ɗan taɓa wani abu a shafin jiya, ba wani abu ba ne, lamba ce, na sa tawa, tunda wancan layin a kashe yake mutane suna ta kira ba a ɗauka. Rubutun ƙasan na bar shi yadda yake.

Ɗazu ina cin abinci wayata ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Wani dattijo ne, ya ce hoton mota ya ƙi buɗe masa, ya taɓa yaron nan mai hula. "A-yao ne?"

Na haɗiye lomar. Na ce, "A-yao ya rasu, Kawu. Yayarsa ce. Wace waya kake riƙe da ita?"